Murfin da ke Ƙarƙashin Gadon Vó

Mutum huɗu ne suka fitar da kujerar falo, kowannensu sanye da farar safar hannu. Kayan kakata kuwa ni kaɗai na kwashe su, a buhunan shara guda uku.

Ina tsaye a ƙofar kicin lokacin da suke wucewa da kujerar. Doutor Otávio, mai zanen ginin da aka ɗauko don gyaran gidan, yana biye da su yana cewa, "A hankali. Katakon nan ya girme ku, ya kuma fi ku tsada." Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Gidan yana kan gangaren unguwar Sumaré, ginin 1958 ne. Tsohuwar mai gidan ta rasu a watan Yuni, sai ya dawo hannun 'yarta, Dona Heloísa. Kakata Zulmira, da muke kira Vó, wato kaka, tana da shekara goma sha shida aka kawo ta aiki daga jihar Minas, kuma shekara hamsin da uku ta yi tana kwana a ɗan ɗakin bayan kicin, kusa da wurin wanki. Ita ta reni Dona Heloísa tun tana zanen goyo. Ni kuma shekara biyu ke nan ina zuwa kwana uku a mako ina kama mata aiki, tun da gwiwoyinta suka fara ciwo.

Ranar da suka faɗa mata za ta bar gidan, a teburin kicin ne, bayan ta zuba musu kofi. Doutor ya baje takardar zane, ya danne gefenta da kwanon sukari.

Dona Heloísa ta ce, "Zu, zo ki gani. Za mu mayar da gidan yadda yake ran da aka gama shi. Duk abin da yake na asali zai tsaya. Daɓen katako, tagogi, har mariƙin ƙofa."

Vó ta leƙa takardar, tana goge hannu da tsumma. "Ɗakina fa, Dona Helô?"

Doutor ne ya amsa. "Wancan ai ba ɗaki ba ne, Dona Zulmira, akurki ne. A zamanin nan abin kunya ne a ce mutum yana kwana a irin wurin. Za mu rushe shi, falo ya miƙe har lambu, haske ya shigo."

Dona Heloísa ta kama hannunta. "Ke 'yar gida ce, Zu, kin sani. Shi ya sa ba zan iya barin ki a ramin nan ba. Kin isa hutu. Ki koma wurin 'yarki, jikoki su yi miki hidima."

Ɗakin kwana huɗu ne a gidan. Dona Heloísa ita kaɗai ce, sai karenta. A takardar, ɗaya nata ne, ɗaya na baƙi, ɗaya na littattafai, ɗaya na motsa jiki.

Vó ta ce, "To, Dona Helô." Ta tattara kofuna ta kai wurin wanke-wanke.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a bas aka taka ni, ni ce ke ba da haƙuri. Na tsaya jikin firji ina kallonta tana wanke kofunan.

Ɗakin Vó ba shi da taga, sai bulo masu huji can sama, su ma wurin wanki suke kallo. In za ka shiga sai ka sauka mataki ɗaya, don ya fi sauran gidan ƙasa. Ƙafafun gadonta a kan bulo suke, bibbiyu. A ƙarƙashin gadon akwai murfin ƙarfe mai kusurwa huɗu.

Tun shekarar farko ta gidan, ruwan Janairu, wato tsakiyar daminarmu, ya gangaro daga tudun baya ya shiga falo. Mai gidan na lokacin ya sa aka haƙa rami da zai tara ruwan, aka ja bututu daga ramin zuwa titi. Da aka rasa inda za a sa ramin don kada ya ɓata tsarin lambu, sai aka sa shi a ɗakin 'yar aiki, aka rage tsayin daɓen. Duk damina ganyen bishiyar fiya yana toshe bakin bututun. Da sama ta yi baƙi sai Vó ta ja gado, ta ɗaga murfin da wata ƙugiyar ƙarfe, ta zura hannu har kafaɗa ta kwaso ruɓaɓɓen ganye. In ta makara, ruwa ya cika ɗakinta har idon sawu, ya tsaya a nan. Falo bai taɓa sani ba. Bangon ɗakin kore ne daga ƙasa zuwa gwiwa, kuma tun da na yi wayo nake jin tarinta.

Muna ɗaure kaya Vó ta ce, "Dalva, ki faɗa wa Doutor maganar murfin nan. In suka toshe shi, daɓena ya tafi."

"Daɓenki? Vó, korar ki fa suka yi."

"Hutu aka ce."

"Hutu a buhun shara."

"Ki iya bakinki. Na ce ki faɗa masa, ba na ce ki yi mini wa'azi ba."

Daɓen falon ƙananan katakai ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, an jera su kamar ƙashin kifi a kan kwalta. Kowace Asabar ta duniya Vó takan durƙusa ta shafa musu kaki, ta bi da babban burushin ƙarfe har mutum ya ga fuskarsa. Gwiwoyinta a nan suka ƙare. Shi ne take ce wa daɓenta.

Bas biyu muka hau zuwa gidanmu a unguwar Capão Redondo. Na bar mata gadona da ke jikin taga, ni na koma katifa a ƙasa. Ƙarfe biyar take tashi, ta rasa abin yi, ta sake wanke kwanukan da mamata ta riga ta wanke. Da rana ta zauna a bakin gado tana kallon sama.

Ni aka riƙe ni a gidan, ina share ƙura ina dafa wa ma'aikata kofi. Shugabansu Seu Genésio ne, birkila ɗan jihar Paraíba, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Safiya ɗaya ta ishe su su kayar da ɗakin. Kafin su buɗe kwanukan shinkafa da wakensu, babu komai a wurin sai tarin baraguzai da ƙusar da Vó ke rataye carbinta, a jikin ɓangaren bangon da ya faɗi.

Seu Genésio ya buga murfin da ƙafa. "Dalvinha, tsohuwarki zinariya ta binne a nan? In ita ce mu raba. Ni biyu ke ɗaya, don ni ke da diga."

Na faɗa masa abin da yake. Ya daina dariya, ya sosa ƙeya, ya kira Doutor.

Doutor ya zo yana danna waya. Ya dubi murfin, ya buɗe takardarsa. "Babu shi a zane."

Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Ruwan sama ne ke bi ta nan, Doutor." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Bai kalle ni ba. Ya tambayi Seu Genésio, "Me ta ce?"

"Ta ce hanyar ruwa ce, Doutor. Kakarta ke gyara ta duk damina."

"Tsohon ramin masai ne da aka daina amfani da shi. Zanen asali ne a hannuna, ga sa hannun wanda ya gina gidan. Ruwan lambu ta gefen katanga yake fita. A cike wannan, a daidaita shi da falo." Sannan ya juyo gare ni. "Yarinya, a samo mana kofi. Mai zafi wannan karon."

Na je na dafa kofin.

Da na kawo, Seu Genésio ya karɓi nasa ya ce a hankali, "Kar ki harare ni, 'yata. Ni abin da takarda ta ce nake yi. Shekara talatin ina gini, ban taɓa cin gardama da mai takalmi mai tsabta ba."

Da baraguzan ɗakin Vó suka cike ramin. Ina kallo suna juye baro bayan baro, har da guntun bangon nan mai ƙusa. Suka zuba siminti a kai.

Wata biyu ana aiki. Doutor ya yi ta yawo gidajen da ake rushewa yana sayo tsofaffin katakai irin na falon, yana ɗaga kowanne a rana don launi ya zo ɗaya. Aka jera su a inda ɗakin yake, aka goge da inji, aka sa ƙatuwar ƙofar gilashi mai kallon lambu. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Da yamma rana takan shigo ta kwanta a kan katakon kamar zuma. Kyansa ne ma ya fi ba ni haushi. Daidai inda gadon Vó yake suka ajiye kujerar nan ta masu farar safa, kare yana hawa ya yi barci.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ina goge gilashi Dona Heloísa ta tsaya kusa da ni.

"Dalva, yaya Zu? Tana cin abinci?"

"Tana ci, Dona Heloísa."

"Ita ta san gidan nan fiye da kowa. Ba ta ce akwai abin da muka manta ba?"

Idona take kallo. Da gaske take tambaya, kuma babu Doutor a wurin balle ya aike ni kicin. Kalma biyar sun isa. Na buɗe baki, sai na hango karen a miƙe kan kujera, na tuna buhunan shara uku da yadda ɗaya ya fashe mana a tashar bas, rigunan Vó suka zube a kan titi tana tsincewa tana ba mutane haƙuri.

Na ce, "Babu. Ta ce a gaishe ki."

A gida Vó ta tare ni tun a ƙofa, kamar kullum. "Kin faɗa musu?"

"Na faɗa wa Doutor."

"Me ya ce?"

"Ya ce a kawo kofi."

Ta koma ta zauna jikin taga.

Ruwan ya zo ranar Talata, tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe uku na rana. Washegari ne masu ɗaukar hoto na wata mujalla za su zo, don haka tun safe nake jera furanni ina gyara matasai yadda Doutor ya nuna. Sama ta yi baƙi ta wajen unguwar Lapa. Jikina da kansa ya juya zai nufi bayan kicin, sannan na tuna babu inda zan je.

Minti ashirin aka yi ana zubawa kafin ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofar gilashi. Da fari siriri ne, kamar an zubar da shayi. Sai ya zama ja, da laka da ganyen fiya. Dona Heloísa ta fito ba takalmi, ta kwaso tawul-tawul na banɗaki tana jerawa, tana kiran sunana. Na kawo bokiti da tsumma, na yi abin da ake yi. Banza ne. Ruwan da ke gangarowa daga tudu guda ba ya jin tsoron tawul.

Da ya kai idon sawu katakan suka fara saki. Ɗaya ya ɗago, ya juya, ya yi sama. Na kusa da shi ya bi. Sababbin ne suka fara, sannan tsofaffin, na Vó, har tsakiyar falo. Suna ta yawo a kan ruwa suna karo da ƙafafun kujera, kare yana bisa yana haushi. Dona Heloísa tana waya tana cewa, "Otávio, yawo suke yi. Daɓen yana yawo, na ce maka."

Na daɗe ina jiran wannan ranar. Na zaci zan ji daɗi. Abin da na ji shi ne fushin ya ƙaru.

Da safe Doutor ya zo da takalmin roba sabo fil, yana bayani a kan magudanun gari da yadda ruwan bana ya fi na kowace shekara. Seu Genésio yana tsaye da hularsa a hannu, ya bar shi ya gama.

Ya ce, "Murfin nan ne, Doutor."

Dona Heloísa ta ce, "Wane murfi?"

Seu Genésio ya nuna ni da leɓe. "Yarinyar nan ta faɗa tun ran da muka rushe."

Ta juyo. Idanunta sun kumbura. "Kin sani, Dalva?"

"Na faɗa wa Doutor. Ya ce in kawo kofi."

"Amma ni na tambaye ki. A nan wurin na tsaya na tambaye ki, kika ce babu."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ba ihu na yi ba, amma kowa ya ji.

"Kin tambaye ni, gaskiya ne. Sau ɗaya. Ita wa ya taɓa tambayarta me ya sa gadonta yake kan bulo? A gidan nan kika girma, Dona Heloísa. Taku goma ne daga teburin da kike cin abinci zuwa ɗakinta. Sau nawa kika shiga? Ruwan nan ba baƙo ba ne. Kowace shekara yana zuwa, a ɗakinta yake sauka, ta kwashe shi da bokiti, ta canza riga, ta fito ta dafa muku abincin dare. Kun ce komai na asali zai tsaya. Mariƙin ƙofa kun naɗe shi a takarda kun rubuta masa lamba. Ita kuma ko akwati ba ku ba ta ba."

Doutor ya ce, "Yarinya, ki san da wa kike magana."

"Sunana Dalva. Wata uku kana shan kofina."

Seu Genésio ya yi tari ya kalli silin.

Babu lokacin faɗa, don rediyo ya ce za a sake ruwa da yamma. Seu Genésio ya san inda ramin yake, amma bai san ta ina bututun ya bi ba, kuma baraguzai sun shige cikinsa. Sai dai a fasa daɓe ana lalube. Dona Heloísa ta kira mota ta ce in je in ɗauko Vó.

A hanya na ba ta labarin duk yadda muka yi da su, na yi ta yi mata famfo. "Kar ki nuna musu komai sai ta ba ki ɗakin gaba, mai taga biyu. Yau su ke neman ki. Kin ji, Vó? Ki zauna a kujera ki harɗe ƙafa."

Ta mayar da ido kan titi. Tana rungume da jakarta a cinya.

Da ta shiga falon ta tsaya. An tara katakan a kusurwa kamar itacen girki, ƙasa duk baƙar kwalta da laka. Ta sunkuya da waɗannan gwiwoyin nata, ta ɗauki ɗaya, ta goge shi da bakin siket ɗinta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta wuce wurin famfon wanki, ta juya baya gare shi, ta yi taku huɗu.

"Nan ne ramin. Bututun ba ta katanga ya bi ba, Seu Genésio. Ya karkata hagu, ya bi ƙarƙashin kicin, ya fita gefen gareji kusa da mitar ruwa. Akwai wani ɗan murfi a can, ciyawa ta rufe shi. Ta can za ka zura sanda ka turo."

Shi ke nan. Kyauta. Ji na yi kamar in ɗauki guduma in fasa ƙofar gilashin. Seu Genésio ya ce, "Dona Zulmira, da ke aka ba takardar nan da yanzu ina gida ina barci." Ya fita yana kiran mutanensa. Doutor ya bi bayansa, ba wanda ya kira shi.

Dona Heloísa ta fashe da kuka, ta rungume ta. "Zu, ki yafe mini. Ki dawo. Zan sa a sake gina miki ɗakinki, yadda yake, ba abin da za a canza."

Na ce, "Yadda yake."

Vó ta ɗaga mini hannu, na yi shiru. Ta zame jikinta daga rungumar a hankali.

"A'a, Helô." Ban taɓa jin ta kira sunan babu Dona ba. "Wata uku ke nan ban yi tari ba. Ɗakin Dalva akwai taga. Da safe rana tana sauka a ƙafata tun ina kwance. Ni ban san haka ake kwana ba."

"To wa zai riƙa duba ramin? Ni ban san komai a kai ba."

Vó ta buɗe jaka ta zaro ƙugiyar ƙarfen. Ashe da ita ta tafi. Ta sa mata a hannu, ta rufe yatsunta a kai.

"In kika ga sama ta yi baƙi ta wajen Lapa, kar ki jira ɗigon farko. Ki ɗaga murfin da wannan, ki naɗe hannun riga. Har kafaɗa yake kaiwa. Akwai kyankyasai, amma ba sa cizo."

Dona Heloísa ta tsaya tana kallon ƙugiyar. Ta ce za ta kira mana mota. Vó ta ce a bar shi, bas yana nan.

Sai da muka zauna a bas na biyu ta yi mini magana. "Ta tambaye ki kika ce babu?"

"E."

"Daɓen me ya yi miki?"

"Gwiwoyinki ya cinye."

"Gwiwoyina ne. Ban aike ki ramuwa ba." Ta juya tana kallon waje. Can ta ce, "Amma wancan mai takalmin roba, ya yi kyau da kika faɗa masa sunanki."

Da ta buɗe jaka za ta ciro katin bas na hango katakon nan da ta goge, a naɗe cikin hankici. Na so in fizge shi in jefar ta taga. Na bar shi.

Ban koma gidan ba. Yanzu a wani gidan burodi nake aiki a Santo Amaro. Har yau in na tuna fararen safar nan sai ƙirjina ya ɗau zafi, kuma ban yafe wa kowa ba. Katakon yana kan tagar ɗakinmu, Vó takan shafa masa kaki ranar Asabar. Mamata ta ce a sayi gado mai hawa biyu don in bar kwanan ƙasa, amma da muka auna sai muka ga na saman zai tare tagar. Na ce a bar ni a katifata.